Hawan kwano da sanyin asuba, ku ba ni shawara

Ɗan Taura: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Sana'ata haɗa dish da eriya, ina zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Taura da Ringim, ranar Lahadi kuma ina leƙa kasuwar Gujungu. A Sabon Gari na koyi aikin wajen kawuna, muka samu saɓani a kan kuɗin wani aiki, shi ya ce na ci, Allah ya sani ban ci ba, har sai da kakarmu ta shiga maganar. Na dawo gida na ci bashin babur na fara nawa. Bashin bai ƙare ba, ga mai ɗakina ta kusa sauka.

Tun da hunturu ya kama, in na hau kwano da safe yatsuna sandarewa suke, sifana ma zamewa take daga hannuna. Bayan hannuna duk ya tsattsage. Kwanaki ƙafata ta zame a kan ƙurar da ta kwanta a kwanon wani gida, kan kusa ne ya tare ni. Tun ranar gabana faɗuwa yake in na taka tsani. Kuma yanzu ne kakar aikin, masu gidan kallo sai kira suke saboda wasannin Firimiya. In dakata har sanyi ya wuce ko yaya zan yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Wane irin takalmi kake hawa da shi? Akwai mai riƙe maka tsani?

Injiniya Gumel: Ƙanena, tambayar farko ita ce me ya kai ka saman kwano. Dish ba ya buƙatar tudu. Tauraron ɗan adam da dish ke kamowa yana can sama kusan kilomita 36,000 a saitin tsakiyar duniya, mita uku da ka ƙara da hawa ɗaki ba abin da za ta ƙara maka. Tauraron Nilesat yana digiri 7 yamma, na Arabsat yana 26 gabas. Daga nan Jigawa sai ka fuskanci kudu maso yamma ko kudu maso gabas, in dai ba bishiya ko gini a gaba shi ke nan. Haƙa rami, kafa bututun ƙarfe, zuba kankare, ka ɗaure kayanka kana tsaye a ƙasa. Iskar hunturu ma ba ta juya shi kamar yadda take juya na sama. Eriya ce kaɗai ke son tsawo, don ita daga turken gidan talabijin da ke gari take kamowa. Ita ma a ƙasa ake haɗa ta a jikin sanda sannan a miƙar, a ɗaure da waya ta ɓangare uku. Amma kafin ka miƙar ka ɗaga kai ka duba wayar wuta. Ta manyan layuka ba sai ka taɓa ba, kusantar ta kawai ya isa.

Ɗan Taura: Injiniya na gode, amma kai a cikin gari kake aiki. A ƙauye ka kafa dish a tsakar gida ka gani, akuya za ta sosa jiki da shi, yara su yi lilo, gobe a kira ka a ce ba hoto, kuma ba mai biyan ka kuɗin mai. Ga darbejiya a kowane gida. Masu gidan ma so suke a hango shi daga waje.

Mai Sola Kazaure: Wannan haka yake. Ni abin da ya fi ci min rai ma ba sanyi ba ne. Ka gama wa mutum aiki ya ce sai ya sayar da riɗi. Akwai wanda nake bi kuɗin fanel tun kafin azumi, jiya na gan shi da sabon babur, har yana ɗaga min hannu.

Injiniya Gumel: To ka gina ɗan dandamali, ko ka ɗaure a jikin katanga da ƙarfe. In kuma dole sai ka hau, ka bari sai hantsi ya dubi ludayi. Ka bi layin kusa kawai, nan ne katako yake a ƙasa. Kambas mai gindin roba, ba silifas ba. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi jibgegiyar rigar sanyi ɗaya da za ta hana ka lanƙwasa. Ka je gwanjo a Kofar Wambai ka samo safar hannu, ka yanke kan yatsu uku don kama noti. Basilin ko man kaɗe da dare ake shafawa, ba lokacin hawa ba.

Ɗan Taura: Hantsi ba zai yiwu ba. Ba a hawa sama sai maigida yana nan, shi zai sanar da maƙwabta mata su shiga ɗaki. Yanzu kuma kowa da sassafe yake tafiya fadama ban ruwan alkama. Ƙarfe goma ma iskar ta fi ƙarfi.

Maman Hanif: Gara kai kana jiran maigida. Mu nan wani sai dai muka ga mutum a saman gidan maƙwabta, ba sallama ba "za a hau sama", muna tsakar gida muna wanki. Ku ji tsoron Allah masu sana'ar nan.

Sarkin Gyara: Malam ka daure kawai, sanyin kwana nawa ne? Fabrairu na yi ya tafi. Ka sha shayi mai citta da kanumfari, ka ɗumama hannu a garwashin mai shayi ka hau. Yaran garejinmu akwai 'yar ƙwayar da suke haɗawa da ita, ba sa jin komai.

Injiniya Gumel: Subhanallah. Tramadol kake nufi, kada ka kuskura. Jiri take sawa, tana kawo farfaɗiya, a ce kana saman ɗaki? Garwashin ma a yi hattara, hannun da ya sandare ba ya jin zafi sai ya ƙone. Ka cusa hannu a hammata ya dawo daidai.

Sarkin Gyara: Ni ban ce ya sha ba, labari na bayar. Kai komai sai ka mai da shi lacca.

Baban Khalifa: Har yanzu dai ba ka faɗa mana takalmin ba. Kuma me zai hana ka koma ku daidaita da kawunka, ko yaro ɗaya ya ba ka?

Ɗan Taura: Maganar kawu a bar ta, ba ku san abin da ya faru ba. Yaro kuma da me zan biya shi? Gobe da asuba ina da aiki a wani gidan kallo, na riga na karɓi rabin kuɗin.

Mai Sola Kazaure: Rabin kuɗi tun kafin aiki? Kai ka more wallahi. Wai nawa ake sayar da nadin kebur yanzu a Sabon Gari?