Ƙanen maigidana yana ƙona zaiba a madafarmu, ku ba ni shawara

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Abu ne ya dame ni na kasa barci. Ƙanen maigidana yana zuwa haƙar zinare ta wajen Anka, in ya dawo sai ya zo da ɗan dunƙulen zaiba haɗe da zinare, ya ɗora a tsohon cokali a kan garwashi a madafarmu har zaibar ta tashi zinaren ya rage. Wata huɗu ke nan. Yanzu hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, ba ya barcin kirki, ga saurin fushi, yaron da da ko murya ba ya ɗagawa. Ni kuma ina da ciki wata biyar. Maƙwabciyata ta ce a riƙa ba shi madara tana wanke guba. Me zan yi?

Unguwarzoma: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada a sake ƙona ta a gidan nan ko sau ɗaya, daga yau. Tururin zaiba ba shi da wari, ba shi da launi, shi ya sa ake raina shi. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ya shaƙa yana wucewa ta huhu ya shiga jini, ya hau ƙwaƙwalwa, ya taru a ƙoda. A wajen mai ciki kuma yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki, wanda ƙwaƙwalwarsa yanzu take ginuwa. Madara abinci ce mai kyau amma ba ta fitar da zaiba daga jiki. Ku je babban asibiti ku duka, ke da shi da yaran, ki faɗa wa likita da bakinki cewa zaiba ake ƙonawa a gida, don in ba ki faɗa ba zai iya neman cutar ta wani wajen. Irin wannan da fitsari aka fi gwada shi. Akwai maganin da ke janyo ta daga jiki, amma likita ne kaɗai ke ba da shi bayan gwaji, kada a je kemis a saya.

Tsohon Mahaƙi: Shekara shida na yi a wannan aiki, kuma har yau rubutuna bai koma daidai ba saboda rawar hannu. Hajiya, in kika ce masa ya bar haƙa ba zai ji ba, abincinsa ke nan. Ki bi ta inda zai ji. Akwai wata tukunyar ƙona da ake rufewa ruf, da bututu a jikinta da ya sunkuyo cikin ruwa. Tururin yana bi ta bututun ya huce ya koma zaiba ya zauna a ƙasan ruwan, mutum ya kwashe abarsa ya sake aiki da ita. Mai walda na iya haɗa ta da guntayen bututun ƙarfe. Zaiba tsada gare ta, duk wanda ya ga tana dawo masa maimakon ta bi iska zai saurara. Amma sharaɗi: a bayan gari ake ƙonawa, nesa da gidaje, mutum ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kuma kada ya buɗe tukunyar sai ta huce sarai. Da yawa a nan suke cutuwa, ɗokin ganin zinare ya sa su buɗe da zafinta. Kayan aikinsa kuma kada su shigo ɗaki, ya tuɓe a can ya ƙulle a leda.

Kawun Yara: Wannan ba ita ce gubar da ta kashe yara a Bagega ba?

Malamin Kimiyya: A'a Kawu, waccan gubar dalma ce. A 2010 ne, a Bagega da Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu. Ita dalma a cikin dutsen take, ta bazu ta ƙurar da ake yi wajen daka da niƙa shi a gidaje. Zaiba kuwa sayo ta ake yi a zuba don ta kama zinare. Amma kin ga Hajiya, tunda ta wannan yankin yake aiki, ki roƙi likita a duba yaran har da dalma, musamman in yana shigowa da dutse ko turɓayar wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan wanki da ake zubarwa a rafi. In zaiba ta kwanta a laka, ƙwayoyin halitta na ruwa suna juya ta ta zama wani nau'i da ya fi muni, ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙaramin, tana ta taruwa. Haka aka yi a garin Minamata na Japan, inda wata masana'antar sinadarai ta yi shekaru tana zubar da dagwalo a teku. A 1956 aka fara gane cutar. Masunta suka rasa ji da gani da tafiya daidai, aka haifi yara da naƙasa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai yawa ba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. A yau ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba wajen sakin zaiba a iska a duniya.

Inna: To mu daina cin kifi ke nan?

Malamin Kimiyya: A'a Inna, mai ciki ma tana buƙatarsa. A dai fi son ƙanana irin karfasa, a rage manyan masu cin 'yan'uwansu irin giwan ruwa, a kuma guji na rafin da ake wanke zinare a bakinsa. Suya da banda ba sa fitar da ita, a tsokar take.

Anti Mai Shago: Ku bar ni in sa baki, don mu mata akwai wata ƙofar. Wasu mayukan bilicin da sabulansa akwai zaiba a ciki. Na daina sayar da duk wanda aka haɗa a roba ba suna ba lambar NAFDAC. In kun ga an rubuta mercury ko calomel ko mercurous chloride a jikin kwali, zaiba ce a ciki, ku ajiye. Matsalar wasu ba sa rubutawa sam. Yana taɓa ƙoda, sai ka ga ƙafa ta kumbura fitsari na kumfa, kuma yana shafar jaririn da ake goyo ta hannu da tawul da zanin gado.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Anti, ba na shafawa. Amma madafar fa? Jiya na ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a gefen murhu.

Unguwarzoma: Kada ki sa tsintsiya, farfasa ta za ta yi ta bazu. Kuma ba ke za ki kwashe ba. Maigida ya sa safar hannu ta roba, ya cire zobe in yana da shi don tana manne wa zinare da azurfa, ya tattara ɗigon da kwali mai kauri, ƙananan ya ɗauke su da salatef, ya zuba a kwalba mai murfi ya rufe gam. Kada a zuba a masai ko kwata ko wuta. In ƙasan turɓaya ce a kankare saman wurin a ƙulle a leda biyu. Cokalin da duk tsumman da ya taɓa ta sun tashi daga aiki. A bar ƙofa da taga a buɗe, yara kada su shiga, ke kuma ki koma girki a tsakar gida tukuna.

Inna: 'Yata, maganar nan kada ki tare shi da ita kai tsaye, kin ce yana saurin fushi. Ki zaunar da mijinki, shi ya kai ta ga mahaifiyarsu. In uwa ta ce a daina a gidan, an daina.

Maman 'Yan Biyu: Haka na yi Inna, bayan isha'i na karanta masa saƙonninku duka. Ya kulle madafar, gobe da safe zai je wajen mahaifiyarsu, jibi mu tafi asibiti a Gusau. Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon Mahaƙi, maigida ya ce don Allah ka zana masa tukunyar nan a takarda ka turo hoton, akwai mai walda a bakin layinmu.

Tsohon Mahaƙi: In sha Allahu zan turo kafin azahar. A ce wa mai waldar ya fara ƙona bututun fanko a waje har farin rufin jikinsa ya fita, kafin a sa komai a ciki.