Cin amarci a Zanzibar: ban iya iyo ba, shi kuma ya ƙwallafa rai sai mun leƙa kifi a teku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah admin a ɓoye sunana. Bikina ƙarshen watan Maris ne in sha Allahu, kuma angon ya ce daga an watse za mu tafi Zanzibar cin amarci. Ni hutu kawai nake so, don hidimar biki ta fara cinye ni tun yanzu. Shi kuwa hankalinsa na kan wannan iyon da ake sa gilashi a fuska da bututun numfashi a baki, mutum ya kwanta a saman ruwa yana kallon kifaye. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Ga maganar sutura, ba zan iya shigar da nake gani a hotuna ba. Waɗanda suka taɓa zuwa ku taimaka: wanda bai iya iyo ba zai iya? Wane ɓangaren tsibirin ya fi dacewa? Ba na so in karya masa gwiwa, amma tsoro nake ji har ga Allah.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Kafin komai ku sake duba lokacin. Daga Maris zuwa Mayu daminar can ce mai ƙarfi, wadda suke kira masika, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwan sama kan wuni yana zuba, teku ta gurɓace, kifin da ake son gani ba zai ganu sosai ba. Wasu otal-otal ma rufewa suke yi. In da hali ku tare a gidanku tukuna, ku ɗaga tafiyar zuwa Yuni ko Yuli. Daga nan har Oktoba gari a bushe yake, ba zafi sosai.

Baban Yara:
Ƙari a kan haka, Zanzibar ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya, kuma fasfo ɗin Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana iya ɗaukar makonni, don haka kada ya biya kuɗin otal ɗin da ba a mayarwa kafin ta fito. Ku riƙe katin rigakafin cutar shawara, za a tambaya. Sannan tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 kowane mutum. Jirgin Ethiopian kan bi da ku ta Addis Ababa ya sauke ku kai tsaye a tsibirin.

Antinku ta Zariya:
Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ni ma ban iya iyo ba, kuma na yi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba nutso ake yi ba. Rigar nan mai hana nutsewa za a ɗaura miki, ki kwanta rub da ciki a saman ruwa, ruwan gishiri kuma da ma yana ɗaga mutum. Wahalar guda ɗaya ce: gilashin yana rufe hanci, dole ki koyi numfashi da baki kaɗai. Farkon sa fuska a ruwa zuciya takan buga, mutum ya ji kamar ya fizge abin. Saboda haka kada ranar farko ku hau kwale-kwale. Ku karɓi aron kayan a otal, ki tsaya inda ruwa ya kai miki ƙugu, ki sunkuya ki sa fuska, ki ja numfashi a hankali kina jin ƙararsa a cikin bututun, har ki saba. In ruwa ya shiga bututun, ki hura da ƙarfi sau ɗaya ya fita, ko ki ɗago kai ki zubar.

Ranar da za ku fita, ki gaya wa mai jagoran tun a bakin gaɓa cewa ba ki iya iyo ba, ba abin kunya ba ne. Suna da tayar ceto mai igiya, kina riƙe da ita yana jan ki. Wanda ya ce miki ba rigar kariya a jirginsa, ko ya ce ai ba sai an sa ba, ku bar shi ku nemi wani, komai arharsa.

Abin da na gani kusa da Mnemba, wani ƙaramin tsibiri a gefen Zanzibar, har yau yana idona. Ruwa garau, kifaye masu ratsin baƙi da rawaya suna wucewa ta gaban fuskata, wani kore da shuɗi yana gatsar dutsen murjani har ina jin ƙas-ƙas ɗinsa a kunnena. Tasbihi kawai nake yi a zuci. Ki sani dai shi tsibirin Mnemba ba a sauka a kansa, na masu otal ne, a gefensa ake tsayawa. Ku fita da sassafe kafin jirage su cika wurin, kuma kada ki cika ciki da karin kumallo. Ki tafi da 'yar citta ki riƙa taunawa saboda tashin zuciya.

Batun sutura, ki sayi kayan iyo na mata Musulmi tun daga gida, doguwar riga da wando da hular da ke kama kai. Kada ki shiga da abaya ko hijabi mai faɗi, yana shan ruwa ya yi nauyi ya nannaɗe ƙafa. Turawa ma da yawa suna rufe jiki saboda rana, ba wanda zai kalle ki.

Wani ɗan'uwa:
Ni a ganina kuɗin nan da Umara kuka tafi da shi ya fi albarka.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, Allah ya kai su Umarar ma. Amma shawara ta nema a kan tafiyar da mijinta ya riga ya tsara, kuma ba haram a ciki. Zanzibar kusan kowa Musulmi ne, ana kiran salla a ko'ina, abinci halal ne. Abin da za su kiyaye shi ne manyan otal na bakin teku ana sayar da giya, wasu da kiɗa har dare, sai su tambaya kafin su kama ɗaki.

Ɗalibi mazaunin Darussalam:
Yaya, game da wurin sauka, ku zaɓi arewa, Nungwi ko Kendwa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku takan janye da nisa sau biyu a yini, sai an yi doguwar tafiya kafin a kai ga ruwa, ga iska mai ƙarfi. Akwai kuma wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke kwance tsakanin duwatsu, in aka taka ta ƙayar na karyewa a cikin ƙafa. Ku sa takalmin roba na ruwa. A Kendwa ruwan ba ya janyewa sosai, kuma ta nan rana ke faɗuwa. Tunda hutu kike so, fita teku sau ɗaya ko biyu ta isa. Ku ware yini guda ku zaga tsohon gari, Stone Town, da yamma ku ci urojo (wani romonsu na can) da gasasshen kifi a lambun Forodhani da ke bakin teku, ku sayi kanumfari na tsaraba. In kun sa ƙafa a ruwa kada ku tsaya a kan murjani, abu ne mai rai, takawa na kashe shi kuma yana yanka.

Ki gaya wa angon in yana da gashin baki ya rage shi ko ya shafa masa ɗan man Vaseline, in ba haka ba ruwa zai riƙa tsiyaya cikin gilashin ta ƙasan hanci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna masa duka, ya amince mu mayar da tafiyar Yuli, gobe zai fara neman biza. Anti, kayan iyon nan wane irin yadi zan nema, kuma hular tana tsayawa in an ɗaura igiyar gilashin a kanta?

Antinku ta Zariya:
Mai santsi mai saurin bushewa, ba auduga ba. Hular tana tsayawa, ki dai tabbata bakinta bai shiga ƙarƙashin robar gilashin a goshi ba, don ta nan ruwa ke shiga. Ki turo wa admin lambarki ya haɗa mu, in nuna miki irin nawa.