Wai da gaske waya tana mana laɓe don a turo mana talla?

Abban Sadiya, Gwammaja

Assalamu alaikum. Masana harkar waya, a taimaka mana da amsa. Wata magana ce ta cika majalisu a garin nan: a zauna ana hirar fankar sola saboda zafi, ko ta shaddar Sallah, ba wanda ya rubuta komai a wayarsa, kafin magariba sai ga tallan abin a Facebook ko Instagram ko TikTok. Abin ya kai wasu ba sa yarda a yi maganar kuɗi ko ta neman aure sai an kai wayoyi wani ɗaki. Shin makirufon waya a buɗe yake kullum yana kai rahoto? In ba haka ba, ta ina tallan yake sanin abin da aka tattauna? Kuma me za mu gyara a wayoyinmu, musamman mu masu Tecno da Infinix da Itel?

Injiniya Sani, Farm Centre

Wa alaikumus salam, Abban Sadiya. Har yau ba a kama waɗannan manyan manhajoji suna naɗar hirar mutane a ɓoye don talla ba, kuma an daɗe ana nema. A 2018 wasu masana a Jami'ar Northeastern da ke Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, suna bin duk abin da ke fita daga wayar zuwa intanet. Ba su samu wadda ta kunna makirufo ta aika murya a ɓoye ba. Abin da suka samu shi ne wasu manhajojin na ɗaukar hoto ko bidiyon abin da ke fuskar wayar su tura wa wani kamfani daban, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne.

Ita kanta wayar ta toshe hanyar. Tun Android 6 na 2015 manhaja ba ta isa ta taɓa makirufo ba sai ka ba ta izini. Daga Android 9 aka hana wadda ke kwance a bayan fage amfani da shi, sai in ta ajiye sanarwa a saman waya cewa tana aiki, kamar lokacin kira. Daga Android 12 na 2021 kuma, da zarar an kunna makirufo ko kyamara wani koren ɗigo zai fito a kusurwar sama ta dama. A iPhone tun iOS 14 ake da wannan: ɗigo ruwan lemo na makirufo, kore na kyamara. Tsarin wayar ne ke fito da ɗigon, manhaja ba ta da ikon ɓoye shi.

Sai lissafin data. Muryar da za a iya gane maganar cikinta tana cin kamar kilobit 16 a daƙiƙa, wato megabait 7 da ɗoriya a awa. A ce awa 12 a rana, ya zama megabait 86, a wata gigabait biyu da rabi. Mutumin da ke sayen gigabait ɗaya yana lallaɓa shi ba zai kasa lura ba, ga batir zai riƙa zuba, waya ta yi zafi a aljihu.

Mai Android 12 zuwa sama ya shiga Settings, ya rubuta Privacy dashboard a wurin bincike, ya taɓa Microphone. Zai ga duk manhajar da ta yi amfani da makirufo a awa 24 da suka wuce, da lokacin da ta yi. Bayan an tashi daga majalisa a duba. Wannan ya fi kife waya da wasu ke yi amfani, don kifewa ba ta hana makirufo ji.

Hajiya Maman Iman, Zoo Road

Injiniya ya yi bayanin waya, ni bari in yi na ɓangaren masu biyan kuɗin tallan, don a nan amsar tambaya ta biyu take.

A shafin da ake sayen talla na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, babu gurbin da za ka zaɓi "waɗanda suka yi hirar kaza". Abin da ke akwai shi ne gari ko unguwa, shekaru, jinsi, harshe, da abubuwan da mutum ya nuna sha'awa a kansu. Kana iya dasa alama a kan taswira, a ce Kantin Kwari, ka zana da'ira ka ce a nuna wa na ciki kawai. Sannan akwai abubuwa biyu da suka fi waɗannan ƙarfi. Ɗan kasuwa zai iya ɗora jerin lambobin wayar kwastomominsa, Meta ta haɗa su da asusun masu su, ta nuna musu tallan kai tsaye. Daga wannan jerin kuma zai ce a nemo masa masu kama da su, daga kashi 1 zuwa kashi 10 cikin ɗari na masu amfani da dandalin a ƙasar. Don haka wanda ya taɓa ba da lambarsa a wani shago, ko ya taɓa tura wa wani shafi saƙo yana tambayar farashi, ya riga ya shiga rajista.

Akwai kuma wata 'yar manhajar bin sawu da ake kira Meta Pixel, wadda ake dasawa a shafukan sayayya da na labarai. Ka buɗe shafin inbata a burauza, ka duba farashi ka fita, rahoto ya tafi cewa wannan wayar ta duba inbata. Manhajoji da yawa ma suna da irinta a cikinsu. A TikTok da Reels ko laik ba sai ka danna ba: tsayawar da ka yi a kan bidiyon fanka har ya ƙare, alhali ka wuce na gabansa da sauri, ta isa shaida.

To mu koma majalisar. Mutum goma na zaune, ɗaya ya kawo maganar fankar sola. Me ya sa ya kawo ta? Galibi don daren jiya ya bincika, ko shi ma tallan ya gani. Lambarsa na cikin wayoyinku, abokai ne ku a Facebook, wataƙila hotspot ɗinsa ko MiFi ɗaya kuke sha, wato adireshin intanet ɗinku ɗaya ne. Shekarunku kusan ɗaya, unguwa ɗaya, shafukan da kuke bi iri ɗaya. Na'urar da ke raba talla ba ta buƙatar jin muryarku kafin ta sa ku a rukuni ɗaya.

Ga lokaci kuma. A watan Afrilu duk Kano hirar zafi da rashin wuta ake yi, kuma a watan ne masu fanka da sola ke zuba kuɗin talla a kan duk magidantan gari. Goman ƙarshe na azumi na masu shadda da atamfa da takalma ne. Hirar da tallan duka daga tushe ɗaya suka fito. Sannan mutum yana wuce talla da yawa a rana ba ya ko kallo, amma wanda ya dace da hirar ɗazu shi ke tsaya masa a rai.

Duk tallan da ya ba ka mamaki, taɓa ɗigo ukun da ke samansa, ka zaɓi "Why am I seeing this ad". Bayanin ba cikakke ba ne, amma sau da yawa za ka ga garinka, shekarunka, ko cewa mai tallan yana da lambarka.

Dakta Auwal, Kabuga

Na yarda da yawancin bayanan nan, amma kada a sallami mutane da cewa babu komai, don tsoron nasu yana da asali.

A ƙarshen 2017 jaridar New York Times ta bankaɗo wasannin waya sama da 250 masu ɗauke da fasahar wani kamfani mai suna Alphonso, wadda ke kunna makirufo don gane tallan ko shirin da ke tashi a talabijin ɗin gidan. Kamfanin ya ce ba hirar mutane yake ɗauka ba, amma makirufo dai an kunna, kuma don talla. A 2019 ta bayyana cewa Amazon da Google da Apple suna ba ma'aikatan haya wasu muryoyin da manhajojinsu masu karɓar umarni da murya, wato Alexa da Google Assistant da Siri, suka naɗa su saurara don gyara na'urar, har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure. A shekarar ce Facebook ya amsa cewa ya biya mutane suna rubuta saƙonnin murya na Messenger. A farkon 2025 Apple ya yarda ya biya dala miliyan 95 don kashe shari'ar da aka kai shi kan naɗar muryar da Siri ta yi, ko da yake bai amsa laifi ba, kuma ya ce bai taɓa sayar da muryar don talla ba. Sai kamfanin Cox Media Group na Amurka, wanda aka ga takardunsa yana yi wa 'yan kasuwa tallan wani abu da ya kira Active Listening, wai sauraren hirar mutane ta makirufo don turo musu talla. Meta da Amazon sun nesanta kansu da shi, Google ya cire shi daga jerin abokan hulɗarsa, kuma ba a ga shaidar cewa abin yana aiki yadda suka yi iƙirari ba.

Lissafin datar Injiniya ma yana da giɓi: waya na iya gane kalma a cikinta ta tura rubutu kawai, wanda ba ya cin komai. Haka "Hey Google" ke aiki, wayar na jiran kalmar a cikin gida, sai ta ji ta sannan ta fara aikawa. Matsalarsa tashin kuskure: wata kalma ta yi kama da ita, a naɗi daƙiƙoƙin hirar da ba a yi niyya ba. Abin da ke kare mu daga manhajar waje ta yi irin wannan shi ne izini da ɗigon nan.

Kuma a nan ne damuwata take game da Kano. Wayoyin gwanjo da ƙananan wayoyi masu Android 11 zuwa ƙasa ba su da ɗigon. Sannan mutane na karɓar manhaja ta Xender ba ta Play Store ba. GBWhatsApp da 'yan uwansa ba na WhatsApp ba ne, wani ne da ba a sani ba ya buɗe manhajar ya sauya ta, kuma ka ba shi makirufo da lambobi da hotuna da hannunka. Haka manhajojin bashi da ke kwashe lambobin mutum su riƙa kunyata shi, har Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023. Haka allon rubutu na ado da ake saukewa, wanda ke ganin duk abin da ka rubuta.

Abban Sadiya, Gwammaja

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya: ana yaɗa cewa in ka danna *#21# za ka san ko ana sauraren wayarka. Gaskiya ne? Kuma doka ba ta ce komai ba a kan wannan tara bayanai?

Barista Hauwa, Nassarawa

Malam, doka ta ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ba ka damar tambayar kamfani bayananka da yake riƙe da su, ka nemi a goge, ka kuma ƙi a yi amfani da su wajen turo maka talla. Shagon da ya ɗora lambarka don talla ba da saninka ba, shi ma dokar ta hau kansa. A Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta dala miliyan 220, kotun sauraren ƙorafin gasa da haƙƙin masu saye ta tabbatar a Afrilun 2025. A lura, laifin da aka kama su da shi na sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne ba da cikakken izini ba, ba na sauraren makirufo ba. Tallan da ke shigowa ta tes kuma, tura STOP zuwa 2442.

Injiniya Sani, Farm Centre

*#21# karkatar da kira kawai yake nunawa, wato ko an saita kiranka ya wuce wata lamba. *#62# na nuna inda kira ke zuwa in wayarka a kashe take, kuma lambar da mutane ke gani su tsorata yawanci ta akwatin saƙon murya ce ta kamfanin layin. ##002# na soke duka. Babu ɗaya a ciki da ke gano manhajar leƙen asiri.

Gyaran Dakta daidai ne, don haka a fara da izini. Settings, Privacy, Permission manager, Microphone. A wayoyin Tecno da Infinix wurin na sauyawa, ya fi sauƙi a rubuta Permission manager a wurin binciken Settings. Tocila, wasa, kalkuleta, manhajar gyaran hoto, duk a hana su. WhatsApp a bar shi a kan "Allow only while using the app", don in ka hana shi gaba ɗaya saƙon murya da kira za su daina aiki. A yi haka ga Location da Contacts, su ne ma suka fi ciyar da talla. Manhajar da ta zo da waya ba ta goguwa, amma ana iya cire mata izini ko a danna Disable.

Sai lambar talla, wato lambar da masu talla ke gane wayarka da ita: Settings, Google, Ads, Delete advertising ID. Mai iPhone ya shiga Privacy & Security, Tracking, ya kashe. A Facebook ko Instagram, Accounts Center, Your information and permissions, Your activity off Meta technologies: a nan za ka ga sunayen shafuka da manhajojin da suka kai rahotonka, ka goge ka kuma hana na gaba. Wannan na iya fitar da kai daga manhajojin da ka shiga da asusun Facebook, don haka ka tabbatar ka san kalmar sirrinsu tukuna. A asusun Google, Data & privacy, Web & App Activity, a cire alamar da ke kan ajiye murya, a kashe "Hey Google" in ba a amfani da shi.

Wanda ke zargin wani na kusa da shi ne ya sa masa manhajar leƙe, ya duba Accessibility da Device admin apps, don a nan suke laɓewa da sunaye irin su System Service, ya duba Linked devices a WhatsApp, ya kunna Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji a Play Store. In an ga abin da ba a gane ba, a kwashe hotuna da lambobi a yi factory reset, wato goge komai a mayar da wayar sabuwa, a sauya kalmomin sirri daga wata wayar daban.

Bayan duk wannan yawan talla ba zai ragu ba. Za ka ci gaba da ganin na fanka a watan zafi, don wannan duk Kano aka biya a nuna wa. Wanda zai ragu shi ne mai bin ka daga shafi zuwa shafi, kuma yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin a ga bambanci.