Neman shawara: injin fasa kankare na wuta, waya na zafi kuma ya taɓa ja na

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni magini ne a Yelwa. Na samu aikin fasa tsohon daɓen siminti a wani gida domin a sauya bututun ruwa, sai na sayi injin fasa kankare na hannu, wanda muke kira martopike, a wurin masu kayan gwanjo. A jikinsa an rubuta wat 1,500. Daga soket zuwa inda nake aiki ya kai mita 40, shi ya sa na haɗa waya biyu na naɗe mahaɗar da leda. Matsalata uku: wayar tana zafi, wutar gidan ta katse sau biyu, kuma jiya da na yayyafa ruwa saboda ƙura na ji ya ja ni a hannu. Maƙwabci ya ce zai ara mini ƙaramin janareta. Don Allah masana, me zan yi? Gobe yarona ne zai riƙe shi, hankalina bai kwanta ba.

Mai gyaran wuta, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada yaron nan ya taɓa shi gobe. Tunda ya ja ka, wuta tana zuba a wani wuri, ko a mahaɗar da ka naɗe da leda ko a cikin injin. Ka tsaya cikin ruwa ne, Allah ne ya kiyaye.

Fara da ɗan allon da ke jikinsa. Wutarmu a Kamaru bolt 220 ce, hez 50. Kayan gwanjo wani lokaci akwai na Amurka a ciki, masu bolt 120, in aka sa su a wutarmu ƙonewa suke. Naka tunda ya yi aiki, mai yiwuwa namu ne, amma ka karanta da idonka. Sannan ka nemi alamar murabba'i a cikin murabba'i. In tana nan, injin mai kariya biyu ne, ba ya buƙatar wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke kai wutar da ta zuba zuwa cikin ƙasa. In babu, dole fulogi mai wayar ƙasa, kuma soket ɗin ma ya zama yana da ita da gaske. Gidajenmu da yawa rami ne kawai, ba a ja komai ba.

Lissafin kuma: wat 1,500 raba 220, kusan amfa 7 ke nan, kuma lokacin tashi yana jan fiye da haka. In abin katse wutar gidan na amfa 10 ne, ga firiji ga fanka, zai iya faɗuwa. Ka nemi waya ɗaya miƙaƙƙiya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta jan ƙarfe na ainihi, babu haɗi. Siririyar nan ta kunna talbijin tana cinye ƙarfin wutar a hanya, ita ta yi zafi, injin kuma ya galabaita. In ta naɗi ce a kan gare, warware ta duka, naɗaɗɗiya tana tara zafi har roba ta narke. Abin da na fi so ka kashe wa kuɗi shi ne diferansiyel na miliamfa 30. Shi ne ke yanke wuta idan ta bi jikin mutum. Abin katsewa na yau da kullum waya yake karewa, ba kai ba.

Wani daga Injamena: Batun janareta, in irin ƙaramin nan ne da bai kai wat 1,000 ba, ka mayar wa mai shi da godiya. Nemi mai kVA 3, ka ajiye shi a fili, ba cikin ɗaki ko zaure ba, hayaƙinsa kisa yake.

Tsohon magini, Ngaundare: Ɗana, masu wuta sun faɗi nasu, ni zan yi maganar jiki, don na shekara da yawa ina wannan aiki kuma kunnena na hagu ya tafi da shi. Ƙarar injin nan ta wuce abin da kunne ke ɗauka, ka sayi abin toshe kunne da tabarau, ɓarɓashin kankare kamar harsashi yake tashi. Ƙurar siminti da yashi tana zama a huhu, ba ta fita, kuma rawani ko hankici ba ya tare ta. Takunkumi mai lamba FFP2 ko FFP3 za ka nema. Yayyafin ruwan da ka yi dabara ce mai kyau, kuskuren shi ne waya a ƙasa. Ka rataye ta sama, ta bi ta bayan kafaɗarka, ka sa takalmin roba mai tauri, ba silifa ba.

Kada ka danne shi da ƙirji, nauyinsa ne ke aiki. Ka fara daga gefe, ka riƙa ɓantara kaɗan-kaɗan, kar ka mai da bakin ƙarfen abin ɓamɓara, karyewa yake. Ɗan giris a gindin bakin kafin ka sa. In yatsu suka fara mutuwa, a huta, a yi canji da yaro. Da zafin Garwa na watan Afrilu, aikin asuba ya fi.

Kafin ka fasa kuma, tambayi mai gida inda wayoyi da bututu suka bi. In ka ci karo da rodin ginshiƙi, tsaya.

Mai gyaran wuta, Marwa: Baba ya tuna mini abu ɗaya. Da yawansu suna da maɓallin da ke maƙalewa a kunne. In an ɗauke wuta kana cikin aiki, saki maɓallin ka zare fulogi nan take, in ba haka ba wuta na dawowa zai tashi da kansa a ƙasa, ko a ƙafar wani. Haka ma duk lokacin sauya baki.

Mai tambaya, Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba: bolt 220 ne, alamar murabba'in tana nan. Amma wayar injin ta tsage daidai inda ta shiga mariƙi, har jan ƙarfe ya fito. Na kai a sauya ta, na gaya wa mai gida sai jibi. Yaya na Marwa, diferansiyel ɗin nan a allon gidan za a sa shi, ko akwai wanda ake haɗawa a kan wayar?

Mai gyaran wuta, Marwa: Duka akwai. Tunda gida-gida kake aiki, a haɗa maka shi a ɗan akwati tare da soket, ka riƙa yawo da abinka. Kullum kafin ka fara, danna maɓallin gwajin da ke jikinsa ka ga ya yanke.