Waifai yana haɗuwa amma babu intanet tun da na ƙara rauta a bayan modem

Mai neman bayani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar haɗa intanet a gida. Kamfanin da nake hulɗa da shi ya jawo mini wayar fiba har cikin gida, ya kafa modem ɗinsa a falo, kuma ma'aikacinsu bai tafi ba sai da ya tabbatar komai yana aiki. Da yake waifan modem ɗin ba ya kaiwa ɗakunan baya, sai na sayi rauta dabam, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, na ajiye ta a tsakiyar gida, na haɗa su da kebul. Yanzu wayoyi da kwamfuta suna kama waifan rautar da cikakkiyar sigina, amma babu shafin da yake buɗewa, wayar ma tana nuna cewa ta haɗu amma babu intanet. Da zarar na koma kan waifan modem, komai yana tafiya daidai.

Ga abin da nake gani. A jikin modem, fitilar wuta da ta PON suna kunne kore ba sa ƙiftawa, fitilar LOS a kashe take, ta LAN1 kuma tana ƙiftawa. A jikin rauta, fitilar intanet ja ce. Kebul ɗin ya fito daga kafar LAN1 ta modem ya shiga kafar WAN ta rauta, wato kafar da intanet ke shigowa ta cikinta. Lokacin da nake yi mata saiti ta tambaye ni irin haɗin da nake so, na zaɓi PPPoE, domin a takardar da kamfani ya ba ni akwai sunan shiga da kalmar sirri. Akwai kuma wani abin da ya ɗaure mini kai: idan na rubuta 192.168.1.1 a burauza, shafin modem ne yake fitowa in ina kan waifansa, shafin rauta kuma in ina kan nata. An ba ni shawarar in danna ƙaramin maɓallin sake saiti da ke bayan modem, amma na dakata har sai na ji ta bakinku.

Mai gyaran na'ura ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka dakata, kuma ina roƙonka kada ka taɓa wannan maɓalli. Yana mayar da modem yadda ya fito daga masana'anta, yana iya share sunan shiga da kalmar sirri da lambar VLAN (lambar da kamfani ke ware hanyar intanet da ita a layinsa) da ma'aikacin ya saka, kuma a layuka da yawa saitin ba ya dawowa sai kamfani ya sake turo shi ko ya aiko mutum. Modem ɗinka kuwa lafiyarsa ƙalau. Fitilar PON da ta tsaya kore tana nufin na'urar kamfani ta gane shi ta karɓe shi, LOS da ke kashe kuma tana nufin hasken da ke bin fiba yana isowa. Cikar siginar waifai da kake gani a waya ba ta da alaƙa da wannan. Tana nuna ƙarfin haɗi tsakanin wayarka da rauta ne kawai, ba ta cewa komai game da abin da ke bayan rautar.

Matsaloli biyu nake gani a bayaninka, kuma kowacce ita kaɗai ta isa ta hana ka intanet. Ta farko ita ce PPPoE. Tunda waifan modem yana aiki, to modem ɗin ne da kansa yake shiga da wannan suna da kalmar sirri, ya riga ya buɗe layin. Rautarka tana ƙoƙarin buɗe layi na biyu ta cikinsa, kuma ko dai modem bai bar kiran nata ya wuce zuwa kamfani ba sam, ko kuma ya wuce amma kamfani ya ƙi, domin yawancinsu shiga ɗaya suke yarda da ita a kan asusu ɗaya. Abin da rauta take buƙata a wannan yanayi shi ne ta karɓi adireshi kai tsaye daga modem kamar yadda wayarka take karɓa, wato ka canza irin haɗin zuwa DHCP, wanda wasu rautoci suke rubutawa "Dynamic IP".

Ta biyu ita ce abin da ya ɗaure maka kai. Modem da rauta duka suna amfani da 192.168.1.1, kamar gidaje biyu masu lamba ɗaya a layi ɗaya. Rauta aikinta rarrabe ciki da waje ne, kuma idan adireshin da ta karɓa ta kafar WAN da wanda take rabawa a cikin gida suka fito daga rukuni guda, ba za ta san inda za ta tura saƙo ba. Wasu sababbin rautoci suna gano wannan su sauya adireshinsu da kansu, amma da yawa ba sa yi. Ka cire kebul ɗin daga kafar WAN tukuna, ka shiga shafin rauta, ka mayar da adireshinta na LAN, wato na ɓangaren cikin gida, zuwa 192.168.2.1, ka adana, ka bar ta ta sake tashi. Daga nan za ka riƙa shiga shafinta da sabon adireshin. Sai ka canza haɗin zuwa DHCP, ka mayar da kebul, ka duba shafin da ke nuna halin WAN. In ka ga adireshi mai farawa da 192.168.1, an gama. In ka ga 0.0.0.0, rauta ba ta samu komai daga modem ba, sai mu juya kan kebul ko kafar da aka soka shi.

Ma'aikaciyar sadarwa ta amsa:

Na yarda da duk binciken da Malam mai gyara ya yi, kuma hanyar da ya bayar za ta kawo intanet. Sai dai ina ganin akwai wadda ta fi dacewa da bukatarka, ɗan'uwa, domin abin da kake nema shi ne waifai ya kai ɗakunan baya, ba ka buƙatar rauta ta biyu mai raba nata adireshin. Idan ka bi waccan hanya, gidanka zai kasu zuwa rukuni biyu, na'urorin da ke kan modem a 192.168.1, waɗanda ke kan rauta a 192.168.2, kuma kowane saƙo zai bi ta fassarar adireshi sau biyu kafin ya fita. Mai karanta labarai da kallon bidiyo ba zai lura da komai ba. Amma ranar da ka haɗa firinta a kan waifan rauta, ka so ka buga takarda daga kwamfutar da ke kan waifan modem, ba za ta gan ta ba, haka kuma kyamarar tsaro da wasannin da ake bugawa ta intanet sukan ba da wahala a irin wannan tsari.

Shawarata ita ce ka mayar da rautar mai watsa waifai kawai. Yawancin rautocin yanzu suna da wannan zaɓi a cikin saiti da sunan "Access Point", kuma in ka kunna shi ita za ta kashe abin da ya kamata a kashe. In taka ba ta da shi, ana yi da hannu: ka kashe DHCP ɗinta domin modem kaɗai ya riƙa raba adireshi, ka ba ta adireshi tsayayye a rukunin modem wanda ba ya cikin waɗanda yake rabawa, misali 192.168.1.2 in har rabonsa bai fara daga nan ba, sannan ka soka kebul ɗin a ɗaya daga kafofinta na LAN, ka bar kafar WAN babu komai. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa.

Bayan haka ka ba waifan biyu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, domin waya ta riƙa komawa kan wanda ya fi ƙarfi yayin da kake zagaya gida, amma ka raba musu tasha. A zangon 2.4 GHz tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, don haka in modem yana kan 1, ka sa rauta a 6 ko 11.

Na san wani zai kawo maganar mayar da modem gada, wato ya daina aikin rauta gaba ɗaya ya bar wa taka shiga da PPPoE. Tsari ne mai kyau ga wanda rautarsa ta fi modem ƙarfi kuma yake son komai ya kasance a hannunsa, amma yakan buƙaci kamfani ya buɗe shi daga wajensu, wani lokaci sai ka san lambar VLAN, kuma waifan modem zai daina ba da intanet, ka rasa falon da yanzu yake samu. Ban ga abin da za ka ƙaru da shi ba.

Mai neman bayani ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, Malam da Malama. Na sami zaɓin mai watsa waifai a cikin saitin rautar, na kunna, kuma yanzu intanet yana aiki a duk ɗakunan da suna ɗaya. Saura abu guda. Layin da nake biya na megabit 200 ne, kuma in na tsaya kusa da modem a kan zangon 5 GHz ina samun kusan hakan, amma a kan rauta gwaji ba ya wuce 94 ko da ina tsaye a gabanta. A jikin kwalinta an rubuta 1200, shi ya sa abin ya ba ni mamaki. Ina tunanin ko tsawon kebul ɗin ne, don haka nake so in matso da modem kusa da ita, tunda akwai ragowar wayar fiba a naɗe a bayansa.

Mai gyaran na'ura ya amsa:

Madalla, Malam, kuma shawarar Malama ta fi tawa dacewa da gidanka. Wannan 94 da ka ambata lamba ce da duk mai wannan aiki ya sani. Ita ce abin da yake saura idan haɗin kebul ya tsaya a kan megabit 100, bayan an cire abin da bayanan jagorar saƙo suke cinyewa. Ke nan waifai ba shi da laifi, wani abu ne tsakanin modem da rauta ya ƙi hawa gigabit, wato megabit 1000, kuma wurare uku ne za ka duba.

Ka fara da kebul. Haɗin megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka takwas sun yi aiki. Ka ɗaga kan kebul ɗin zuwa haske ka ƙirga wayoyin da ke cikin robar da ake ganin cikinta, domin akwai kebul masu araha da huɗu kawai aka saka musu. Ko da takwas ɗin suna nan, guda ɗaya da ba ta matsu da kyau ba, ta isa ta sa na'urorin biyu su sauka zuwa 100 ba tare da sun nuna maka wata alama ba. Tsawo ba shi ne matsalar ba, domin kebul na Cat5e mai kyau yana ɗaukar gigabit har mita 100.

Sai kafofin rautar. Lambar 1200 da ke kan kwali jimillar gudun waifai ce a kan takarda, wato kimanin 300 na zangon 2.4 GHz da 867 na zangon 5 GHz, ba ta shafi kafofin kebul ba. Akwai rautoci da yawa masu wannan lamba da kafofinsu ba sa wuce 100. Ka duba bayanan da ke gefen kwali: in an rubuta 10/100 kawai, to nan ne iyakarta, babu saitin da zai ƙara mata, in kuma an rubuta 10/100/1000, tana da gigabit. Modem ma wasu kafa ɗaya ce kawai suke da ita ta gigabit, sauran na 100 ne, kuma yawanci LAN1 ce babbar, wadda kake kai yanzu. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka cire kebul ɗin daga rauta ka soka shi a kwamfutar da ke da kafar gigabit, ka duba gudun haɗin da ta nuna a saitin sadarwarta. In ta nuna 1000, kebul da modem sun fita daga zargi, rauta ce. In ta nuna 100, ka gwada da wani gajeren kebul a kusa da modem.

Game da matso da modem, ina ba ka shawarar ka bar shi inda yake. Abin da ke cikin wayar fiba zaren gilashi ne, kuma lanƙwasa mai tsanani ko matsewar ƙofa tana rage hasken da ke isowa ko ta karya zaren, sai ka ga LOS ta fara ƙiftawa ja, gyaranta kuma sai da injin haɗa fiba. Irin waɗannan modem suna aiki ne idan ƙarfin hasken da suke karɓa yana tsakanin kimanin -8 da -27 dBm, wato ma'aunin ƙarfin hasken, kuma za ka iya ganin lambar taka a shafin modem. In ta riga ta kusa -27, ƙura kaɗan a bakin mahaɗin ta isa ta yanke layin. In wata rana dole ta sa ka cire mahaɗin, kada ka taɓa bakinsa da yatsa, kada kuma ka leƙa cikinsa, domin hasken da ke fita ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. Ka gwada kebul ɗin da kwamfuta tukuna, ka gaya mana lambar da ta nuna da abin da aka rubuta a gefen kwalin rautar.