Intabiyun zama ɗan Amurka ya matso, ga wata bakwai da na yi a gida ga kuma maganar saki, ku ban shawara

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida, ya aiki ya sanyi. Don Allah waɗanda suka riga mu shiga su taimaka. Takardar USCIS, hukumar shige da fice da ba da zama ɗan ƙasa ta Amurka, ta iso mun, sun sa mun ranar intabiyu wata mai kamawa. Ni ta lotirin biza na shigo, grin kad ɗina ya wuce shekara 5, fom N-400 ɗin neman zama ɗan ƙasa ma ni na cike da kaina ta intanet na biya dala 710. Tambayoyin tarihi da gwamnati ina jin su kullum a mota tunda tuƙi nake, wannan bai dame ni sosai ba. Abu biyu ne suka hana ni barci. Na farko, shekara biyu da suka wuce mahaifina ya kwanta ciwo na tafi gida da niyyar wata biyu, jinya ta yi tsawo har Allah ya karɓi abinsa sai ga rabon gado sai ga wannan sai ga wancan, ban dawo ba sai da na yi wata bakwai da 'yan kwanaki. Na biyu, lokacin da na ci lotiri ina da mata, bayan na zo muka rabu, saki ne irin namu na gida na rubuta a takarda yayana ya kai gidansu shi ke nan ba kotu ba komai, daga baya na auri wata tana gida yanzu. A fom na rubuta aure biyu na yi amma ba ni da wata takardar saki ta hukuma a hannuna. Me zan riƙe in je da shi? Ko in roƙa su ɗaga ranar ne?

Hajiya Maman Haidar:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kar ka ɗaga ranar ɗan uwa in ba dole ba, layi ne za ka koma baya. Amma fara gaya mana yaushe ka tura fom ɗin, don jarabawar iri biyu ce yanzu. Wanda ya tura kafin 20 ga Oktoba 2025 tsohuwar zai yi, tambaya 100 a yi maka 10 ka ci 6. Wanda ya tura daga ranar zuwa sama sabuwar ce, tambaya 128, a yi maka har 20 sai ka ci 12. Kar ka zauna kana haddar 100 alhali ta 128 za a yi maka.

Baban Ummi:
Amin Hajiya na gode. Bayan ranar na tura, kuma wlh ta 100 nake ji a YouTube duk wannan lokacin. Innalillahi.

Hajiya Maman Haidar:
To ka gani. Ba komai, da yawansu iri ɗaya ne, sanatoci 100, 'yan majalisar wakilai 435, gyaran tsarin mulki 27, alƙalan kotun ƙoli 9, duk suna nan ba su canza ba. Shiga shafin USCIS kansa ka sauke sabuwar, ka bar bidiyoyin da aka ɗora shekara biyar baya. Sunan gwamnan jiharku da sanatocinku da ɗan majalisar mazaɓarku kuwa ka sake dubawa ana gobe intabiyu don waɗannan suna canzawa da zaɓe.

Ɗan Zongo na Bronx:
Masa ni dai shawarata maganar matar farko kar ka tayar da ita in ba su tambaya ba. Auren da ba a yi a kotu ba ina ruwan Bature da shi? Ka amsa abin da aka tambaye ka kawai ka fito.

Malam Sani Mai Tirela:
Ɗan Zongo ka yi haƙuri amma wannan shawarar za ta iya kashe masa komai. Baban Ummi saurara da kyau. Ranar da ka zauna gaban ofisan nan, fayil ɗinka gabaɗaya yana gabansa tun daga fom ɗin da ka cike na lotiri da wanda ka cike kafin intabiyun ofishin jakadanci, kuma a can ka rubuta sunan matarka ta farko da ranar aurenku ko ba haka ba? To yanzu ga sunan wata daban a N-400. Abin da zai fara zuwa kansa shi ne ina ta farkon ta shiga. Kuma su Amurka auren da ƙasar da aka ɗaura shi ta amince da shi, su ma aure ne a wajensu, ko a masallaci aka ɗaura ko a zauren gidan waliyyi. A cikin jerin tambayoyin nan na eh ko a'a akwai wadda ke tambaya ko ka taɓa auren mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma kafin a fara komai sai an sa ka ɗaga hannun dama ka yi rantsuwar faɗin gaskiya. Mu Hausawa wannan tambayar ita ce ramin da muke faɗawa, ba tarihin George Washington ba. In ba ka nuna auren farko ya ƙare kafin a ɗaura na biyu ba, a takarda kai mai mata biyu ne, kuma dokar shige da ficensu ba ta yarda da wannan ba ko kusa.

Abin yi, yau ɗin nan ba gobe ba ka kira yayanka ya je kotun shari'a ta yankinku da takardar sakin da ka rubuta in tana nan da shaidun da suka san an yi, a tabbatar da sakin a ba shi takardar shaida mai hatimin kotu da ke nuna ainihin ranar da aka yi shi. Kar ka yarda wani ya ce zai haɗa maka takarda a bakin kotu ya sa kwanan watan da ya ga dama, in suka gano jabu ce ba ɗan ƙasa kaɗai za ka rasa ba har grin kad ɗin na iya shiga matsala. Wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar ƙarya kuma ko bayan shekaru ana iya ƙwacewa.

Ɗan Zongo na Bronx:
Ni lokacina ba a tambaye ni komai kan aure ba shi ya sa. Minti ashirin na fito.

Malam Sani Mai Tirela:
Kai ai gwauro ne lokacin, me za a tambaye ka 😂

Anti Rabi:
Bari in yi magana kan tafiyar tunda ta faru da maigidana. Dokar ita ce in ka yi fiye da wata 6 a waje a tafiya ɗaya amma ba ka kai shekara ba, suna ɗauka ka katse zamanka, amma suna ba ka dama ka nuna musu ba haka ba ne. In ka kai shekara cif to wannan ya katse, ba zancen hujja. Kai kana cikin na farko. Abin da suke dubawa, ka bar aikinka ne ko yana nan, ka saki ɗakinka ne ko ka ci gaba da biyan haya, ka kama wani aiki a can gida ko a'a, iyalinka suna nan Amurka ko a'a. Na ƙarshen ba ka da shi tunda madam tana gida, don haka sauran ka cika su da kyau. Mu abin da muka tara a fayil: yarjejeniyar haya da shaidar biyan kowane wata, bayanan banki na watannin da ba ya nan, inshorar mota da ba a yanke ba, takardun asibitin mamansa, da takardun haraji na shekara 5 da ake saukewa kyauta a shafin IRS, hukumar harajin Amurka. Kai ka ƙara da takardar rasuwar Baba. Matar da ta yi masa intabiyu ɗaya bayan ɗaya ta buɗe su, ta fi daɗewa a kan bayanan banki tana bin layin kuɗin haya da biro, sannan ta kwafe ta miƙo masa.

Kuma ka lissafa duka kwanakin da ka yi a waje a shekara biyar ɗin, Umara ce ko Hajji ko leƙawa Kanada na kwana biyu, dole kwanakin da ka yi a cikin ƙasar su kai wata 30. Tsohon fasfo ɗinka da ya mutu ka tafi da shi, sitamfin ciki suke bi.

Baban Ummi:
Anti Allah ya saka. Ɗakin ban sake shi ba, mu biyu ne a ciki da wani ɗan Damagaram, ina turo masa rabona ta manhajar tura kuɗi ta Zelle duk wata kuma sunana yana kan yarjejeniyar. Aiki kuwa Uber nake, ba wanda zai ba ni wasiƙar hutu. Sai kuma tikitin tarar gudu da mota guda biyu da na taɓa samu, duk na biya, a ambata?

Anti Rabi:
A ambata mana. Tarar da ba ta kai dala 500 ba kuma ba giya ba ƙwaya ba kamu, ba su neman takarda a kai, amma in an tambaya ka faɗa. Na Uber ka sauke tarihin kuɗin shigarka a nuna kana aiki har satin da ka tafi ka kuma ci gaba da ka dawo a asusu ɗaya. Tura kuɗin Zelle ɗin nan ka buga su a takarda, kar ka dogara da nuna waya.

Barista Ba Lauya Ba:
Sunana ya faɗa muku ni ba lauya ba ne, amma mai matsala biyu irin wannan a haɗe ya kamata ya zauna da lauyan shige da fice ko na awa ɗaya ne kafin ranar. Akwai ƙungiyoyin agaji masu izinin ma'aikatar shari'a da ke yi kyauta ko da kuɗi kaɗan. Lauya na iya shiga ɗakin da kai ma in ya cike fom G-28 na wakiltarka. Ka guji masu shagon cike fom na unguwa, su karɓi kuɗi su ce komai lafiya.

Inna ta Greensboro:
Yaro ni da tafinta na shiga don na wuce 55 kuma grin kad ɗina ya shekara 15, aka ɗauke mun Turanci na amsa da Hausa. Kai wannan bai shafe ka ba sai dai in gaya maka abin da na gani. Ka je da wuri akwai bincike a ƙofa kamar na filin jirgi. Ka ci abinci. In ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita, ba laifi ba ne, laifin shi ne ka ce eh a abin da ba ka gane ba don kunya irin tamu. Allah ya ba da sa'a.

Hajiya Maman Haidar:
Maganar Inna gaskiya ce. Karatu da rubutun ba wani abu ba ne, jimla ɗaya cikin uku za ka karanta daidai, ɗaya cikin uku ka rubuta a allon kwamfutar hannu da suke miƙo maka, rubutu da ɗan alƙalamin allon nan ne ma ya fi wuya don hannu na zamewa. Turancin baki kuwa ba wata jarabawa daban, tun daga gaisuwa da tambayoyin fom ɗin ake auna ka. Saboda haka ka buga N-400 ɗinka ka ba abokin ɗakinka ya zauna yana tambayarka layi layi, adireshin da ka zauna, ranar aure, ranar haihuwar yara, har da yaran da ke gida duk a ambata. Ko an faɗi wani ɓangare ana sake ba da dama tsakanin kwana 60 zuwa 90, ɓangaren da aka faɗi kaɗai za a maimaita.

Ɗan Zongo na Bronx:
To in ya yi rantsuwa fasfon Najeriya fa, ya tafi kenan?

Malam Sani Mai Tirela:
A'a. Wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa tsarin mulkin 1999 ya yarda ya riƙe biyu. Grin kad ne kawai ake karɓewa ranar rantsuwa.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo da labari. An yi jiya. Tambayoyin ina cin na 12 ya tsaya, karatu da rubutu ma lafiya. Kamar yadda Malam Sani ya faɗa wlh ko zama ban gama gyarawa ba ya ce ina matar da ke cikin fayil ɗin lotiri, na miƙa masa takardar kotun da yayana ya aiko ta DHL. Na tafiya ya karɓi na haya da na banki da takardar rasuwa bai ja magana ba. Matsalar ita ce takardar kotun da Hausa aka rubuta ta, ni kuma ban kai fassara ba. Ya ba ni takardar sakamako N-652 an yi alama a wajen da ke cewa na ci jarabawa amma ba a yanke hukunci ba tukuna, da wata N-14 ta neman fassarar. Wa zai fassara mun, dole sai kamfani?

Barista Ba Lauya Ba:
Barka da arziki, rabin aiki ya wuce. Ba dole sai kamfani ba, duk wanda ya iya Hausa da Turanci sosai zai iya, amma kar ka yi da kanka kuma kar matarka ko yayanka su yi. A fassara komai har rubutun cikin hatimi da sunan alƙali, mai fassarar ya rubuta a ƙasa cewa ya ƙware a harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce daidai, ya sa suna da adireshi da kwanan wata ya sa hannu. Ka haɗa da kwafin N-14 ɗin a sama ka tura ta hanyar da suka rubuta a jiki kafin ranar da suka ɗiba, ka ajiye rasit. Doka ta ba su kwana 120 daga ranar intabiyu su yanke hukunci. Kuma ka daure kar ka yi doguwar tafiya kafin takardar rantsuwa N-445 ta zo, don a bayanta akwai tambayoyin abin da ya faru tun daga ranar intabiyu har da ko ka fita ƙasar.

Anti Rabi:
Akwai wani malamin makaranta a masallacinmu da ke yi wa mutane irin wannan fassarar, bari in tambaye shi bayan Juma'a in ya amince in haɗa ku ta inbos.