Baki shi ke yanka wuya: wuyan wa?

Bakanen Kurmi: Jama'a, jiya rigima ta ɓarke tsakanin maƙwabcina da matarsa, har ya ce mata ciwon nata ba na tashi ba ne. Dattijon da ya shiga tsakani ya dube shi ya ce baki shi ke yanka wuya. To wuyan wa ake nufi, na mai maganar ko na wanda aka gaya wa?

Bazazzagi: Na mai maganar mana. Gargaɗi ne ga mai sakin baki a gaban manya. Sai Bakano ne zai tambayi wannan.

Maman 'Yan Biyu: Ban yarda ba. Matar nan ita aka yanka. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ungozoma ce a ƙauyenmu, kuma in tana jinyar mutum tabarmarta a bakin ƙofa take. Duk mai zuwa dubiya sai ta fara jin me ya zo da shi. Wata rana wata ta shigo ɗakin yayata mai jego, tana ganin kumburin ƙafarta ta tafa hannu ta ce wallahi haka wance ta yi, kwana uku aka kai ta. Yayata ta ajiye kokon kunun kanwa, ta juya fuska bango, ko nono ta ƙi ba jariri. Kaka ta miƙa wa matar mayafinta ta raka ta har zaure. Ta dawo ta kwana tana lissafa wa yayata matan da suka yi irin wannan kumburin suka tashi, da sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Da asuba yayata ta nemi kunu da kanta, da hantsi Kaka ta sa aka kai ta asibiti.

Nas Ɗin Dare: Hajiya, Allah Ya jiƙan Kaka, ta yi daidai ta kowane ɓangare, don kumburin mai jego ba abin zama a gida ba ne. Kuma masu bincike sun auna abin nan. A 2005 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun yi wa ma'aurata 42 'yan ƙananan bororo a hannu, suka sa su tattauna abin da ke haɗa su faɗa. Waɗanda ke yi wa juna baƙar magana, rauninsu ya fi jinkirin warkewa. A 2003 kuma Naomi Eisenberger ta nuna cewa in aka ware mutum aka ƙi kula shi, sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin zafin ciwo yakan motsa.

Malam Na Tsangaya: Ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je dubiya cewa yake ba komai, tsarkakewa ne in Allah Ya so. Kyakkyawar magana sadaka ce.

Bazazzagi: To masu hawa mumbarin kamfen fa? Bakin nasu, wuyan namu. Wani ya yi mana alkawarin asibiti, yanzu awaki ne ke kwana a harsashin ginin.

Bakanen Kurmi: Ku ma kun samu harsashi. Mu allon sanarwa kawai aka kafa, shi ma iska ta kayar.

'Yar Damagaram: Ni abin da ke damuna daban ne. Wannan "da sauƙi" da muke yi wa juna tana cinye mutane. Gwaggona ta daɗe tana cewa da sauƙi alhali ƙullutu na girma a nononta, kowa kuma na taya ta. Shirun ma yana yanka wuya.

Maman 'Yan Biyu: Allah Ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Amma Kaka ba ta ɓoye ciwo, mugun fata take kora.

Nas Ɗin Dare: An dai kai gwaggon a duba ta?

'Yar Damagaram: An kai ta Yamai, ana kan magani.

Bazazzagi: Allah Ya ƙara sauƙi. Bakano, ka dai ba mu labari, matar maƙwabcin ta yi yaji ko tana nan?